Baragurbi a gaban bagade

Tunda kowa ya riga ya ji, kuma kowa da irin gishirin da ya ƙara, bari ku ji daga bakin mai ita.

Lahadin godiyar kaka ce. Baba Fasto ya sanar cewa bana za a bi Maimaitawar Shari'a sura 26 sau da ƙafa: kowa ya zuba nunan farin gonarsa a kwando ya kawo, shi da hannunsa zai karɓa ya ajiye gaban bagade. Matan zumunta ne za su fara shiga, ni kuma aka sa a gabansu, don masararmu ta yi bana, ba yabon kai ba. Da asuba ina fama da ruwan wankan yara, da takalmin auta da ya ɓace ƙafa ɗaya, da surukata da ta tashi da ciwon gwiwa, sai na aiki babban ɗana ya ciko mini babban kwandon nan na ɗakin ajiya, ya rufe da farin ƙyalle, ya ɗaure. Ya kawo, Baban yara ya ɗora mini a ka, muka kama hanya.

Ashe Yezebel na ciki.

Waɗanda suka taɓa zuwa gidanmu sun san ta, jar kazar nan mai korar kare. Yara ne suka raɗa mata sunan, ni dai ban hana ba. Ta ɓace mana tun ana tsakiyar girbi, har mun ce muzuru ne. Ita kuwa tana can cikin kwandon, a kan tsohuwar ciyawa, ta tara ƙwai tana kwanci. Kaza kwana 21 take yi ta ƙyanƙyashe, amma fa sai in da zakara a gida. Namu zakaran Baban yara ya sayar da shi tun farkon damina, wai yana tashinsa kafin lokaci, manomi fa. Kaza ba ruwanta, ko ba zakara za ta yi ƙwai, za ta kuma kwanta a kansu da zuciya ɗaya har abin da Allah ya yi. Kwanakin suka cika suka wuce tana ta ɗumama su. Duk mai kiwo ya san abin da ƙwai ke zama a nan: ka girgiza ka ji yana ƙugi, ka jefa a ruwa ya taso sama, iska ta cika shi, jira kawai yake a taɓa.

Za ku ce ta yaya ban ji motsi ba. Kaza in ta shiga duhu tsit take yi, mai kwanci kuwa ko gobara aka yi ba ta tashi. Tun daga gida har ƙofar majami'a ko tari ba ta yi ba.

Aka tayar da waƙa, muka shiga. Jama'a, ku bar ni in faɗa, na yi kyau ranar. Sabon ɗankwali, takun nan na a hankali, hannu ɗaya a kwando ɗaya yana kaɗawa. Na isa gaba na durƙusa. Baba Fasto ya kama kwandon da hannu biyu, ya ji nauyi, ya yi murmushi. Da ya sauke kawai ya ajiye, da yau ba ni da labari. Sai ya ce wa mawaƙa su sassauta, ya jawo makirfo ya ce, “Bari ikilisiya ta ga yadda Ubangiji yake sa albarka a aikin hannun mai aminci.” Kwandon yana rabi a kaina rabi a hannunsa, ya kwance ƙyallen.

Abin da na fara ji wani gurnani ne a saman kaina, irin wanda ba ka zaton zai fito daga tsuntsu. Sai Baba Fasto ya ce “Kai!”, kalmar da ban taɓa ji a bakinsa ba, ta cikin lasifika kuwa. Ta sare shi a babban yatsa. Ya saki ɓangarensa. Kwando ya karkato, masara ta fara zubowa ta bayana, sannan na ji fas, daidai tsakiyar ɗankwali. Wani abu mai ɗumi ya gangaro ta goshina, ya bi gefen hanci, ya tsaya a leɓe yana shawara. Na biyu ya fashe a kafaɗa. Sauran suka gangara ƙasa, suna mirginawa a hankali zuwa layin dattawa, dattawan nan masu furfura suna ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.

Warin bai zo nan da nan ba, sai da ya bari kowa ya ja numfashi. Layin farko ne suka fara tari, sai na biyu, kana iya ganin inda ya kai ta yadda mata ke jan gefen mayafi zuwa hanci. Mawaƙa suka yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma ba a rera waƙa da hanci a toshe. Mai ganga ne kaɗai ya ci gaba, don shi idonsa a rufe yake kiɗa. Ni kuwa ina nan durƙushe, ban iya buɗe baki ba saboda abin da ke kan leɓena, ban iya tashi ba saboda masara ta baibaye ni, idona ɗaya a rufe. Da ɗayan na hango Yezebel ta hau mumbari, gashi a tashe kamar amaryar da aka taɓa wa kayan ɗaki, ta sa baki a makirfo ta yi kyarkyarar da aka ji har bakin hanya. Mai kwanci sau ɗaya take fita ta yi kashi a yini, tarawa take yi. Ta zaɓi farin ƙyallen mumbari.

A cikin wannan hali ne na ji murya daga bayana, ba da ƙarfi ba, amma daidai yadda layi uku za su ji: “Allah sarki. Malakai 1:8.” Ayar da ke tsawata wa masu kawo makauniyar dabba da gurguwa hadaya. Kun san ko wace ce, ba sai na faɗa ba. Matar da in aka ce ta buɗe Habakuk sai an gama karatu tana lasar yatsa tana juya shafi, ranar aya ta zo mata da sura da lamba. Matar da awakinta suka cinye mini kunya huɗu ta wake bara, na je da lalama ta ce ai dabba ba ta san iyaka ba. Matar da daron wankina yake gidanta tun bikin 'yarta, kullum “gobe zan aiko yaro”. Ranar Laraba a taron addu'a kuma ta miƙe da muryar kuka, wai tana da roƙon addu'a domin wata 'yar'uwa, ba za ta faɗi suna ba, Ubangiji ya koya mata ba da abu mai kyau. Mata goma sha suka juyo suka dube ni. Na ce amin da ƙarfi fiye da kowa, me zan yi.

Baba Fasto dai mutumin kirki ne. Yana tsotsar yatsa ya ce a buɗe tagogi, ya kawo Matiyu 23:37, inda Yesu ya ce ya so ya tattara 'ya'yan Urushalima yadda kaza ke tattara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fikafikanta, ya ce yau mun ga kishin da ake nufi. Mutane suka samu dalilin sakin dariyar da suke dannewa. Baban yara tun kafin a ba da izini kafaɗunsa ke rawa, na gan shi.

A gida na titsiye yaron. Ya ce ya gan ta sarai, har ya jera masarar a gefenta don kada ya dame ta. “Mama, na ɗauka ita ma ta baiko ce.”

Ga shi kuwa magatakarda ya riga ya rubuta a littafi, masara kwando ɗaya, kaza ɗaya. Kafin faɗuwar rana ta dawo gida da ƙafarta. Baban yara ya ce yanzu kazar Ubangiji ce muke ciyarwa, surukata ta ce abin da ya dawo da kansa ba a karɓa ba ne. Har yanzu ba a yanke ba. Wanda zai bi ta wajen gidan matar nan don Allah ya tuna mata maganar darona.