Dizgi a zagayen safe ba koyarwa ba ne

Maganar nan ta daɗe tana cina, yau dai sai na faɗe ta ko da manyanmu za su ji haushi. Yadda muke koyar da ɗaliban likitanci da ƙananan likitoci a ɗakin gaggawa na yara akwai gyara sosai. Kuma ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba, wallahi akwai malamai a garin Jos ɗin nan da duk inda ka kai su a duniya za su fitar da mu kunya. Matsalar ita ce mun mayar da zagayen safe, wato lokacin da manyan likitoci ke bin gadajen marasa lafiya tare da ɗalibai, wurin cin fuska.

Ɗan aji biyar zai tsaya a gefen gado da farar rigarsa, a jefa masa tambaya, ya ɗan yi inda-inda, shi kenan sai a wanke shi tas a gaban abokansa da nas-nas, har da uwar yaron tana zaune a bakin gado tana kallo, ko ba ta jin Turanci ai ta gane zagi ake. Wasu su ce ai mu ma haka aka yi mana kuma ga mu mun zama mutane. To naji. Amma abin da yaron nan ya koya a ranar shi ne ya ɓuya a bayan layi kuma kar ya sake nuna akwai abin da bai sani ba.

Bayan shekara biyu shi ne dai zai zama hawus ofisa, wato sabon likitan da ya fara aiki, shi kaɗai a ɗaki ƙarfe biyun dare, ga yarinya 'yar wata takwas numfashinta ya canza, haƙarƙari na lotsawa, hanci na buɗewa, ta daina kama nono. Zuciyarsa na ce masa kira cif, wato babban likitan da ke sama da shi, tsoro na ce masa bari gari ya waye kar a ce ka tashi mutum a banza. Su kuwa yara ba sa jira. Jikin yaro yana iya riƙe awon jininsa na BP daidai har sai abu ya yi nisa, kana ganin lamba mai kyau a takarda, kafin ka juya ya zube. Kuma yawancin yaran da zuciyarsu ke tsayawa daga numfashi abin ke farawa, ba kamar manya ba. Wanda ya ga alamar da wuri ya ɗaga waya shi ne ya yi aikin. Mu kuma ɗaga wayar nan muke kashewa tun suna makaranta.

Abu na biyu, muna son koyar da abin burgewa. Ɗalibai za su zauna awa guda ana musu bayanin maɓallan injin numfashi, alhali da yawansu bautar ƙasa za ta kai su wani asibitin ƙaramar hukuma can wajen Wase ko Shendam inda watakila su kaɗai ne likita. A can abin da zai amfane su daban ne. Ya iya tsayawa ya ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, ya san 50 a ɗan wata biyu zuwa shekara ya yi yawa, 40 a ɗan shekara ɗaya zuwa biyar ma haka. Ya danna farce ya ga ko jini ya wuce daƙiƙa uku bai dawo ba. Duk yaron da aka kawo a sume ko yana jijjiga ya fara duba suga kafin ya shiga dogon tunani. Ya saba lissafin magani da kilo har cikin barci, don sifiri ɗaya in ya ƙaru a allurar jariri ninki goma ke nan. Ya iya haɗa CPAP, abin taimaka wa yaro numfashi, da 'yar robar hanci da kwalbar ruwa in akwai oksijin. Tsarin ETAT na Hukumar Lafiya ta Duniya, na tantance yaran da ke buƙatar kulawar gaggawa, duk a kan irin wannan aka gina shi, kuma tushensa aikin da aka yi ne a Malawi, asibiti irin namu, layi irin namu.

Sai maganar littafi. Mun taso ana karanta mana cewa yaro in jininsa ya yi ƙasa saboda zazzaɓi mai tsanani a ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken FEAST da aka yi a Kenya da Uganda da Tanzaniya kan yara sama da 3,000, sai ga shi waɗanda aka yi wa ɗurin gaggawar sun fi mutuwa cikin awa 48. Su kansu masu binciken ba haka suka zata ba. Wannan labarin ya kamata kowane ɗalibi ya ji shi, don ya san abin da aka rubuta a Amurka ko Ingila inda injin numfashi ke jiran yaro ba lallai ya dace da ɗan da maleriya ta shanye wa jini ba, balle mai tamowa da zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa da yawa. Amma ta ina ɗalibin da ke tsoron buɗe baki zai tambayi littafi?

Ga kuma sanyin Jos. A kawo bakwaini a kan babur cikin Disamba jikinsa ƙalau a ido amma ka taɓa ƙafa kamar ƙanƙara, wani lokacin kafin komai ɗumi yake nema, a manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata. Wannan a wurin sista za ka fi koyonsa. Matiron da ta yi shekara ashirin a ɗakin jarirai tana hango yaron da zai rikice tun daga bakin ƙofa, ta samu jijiya a hannun da kai ka huda sau uku ka rasa, amma mun koya wa ɗalibai su wuce ta ko gaisuwa babu. Asara ce wallahi.

Ban ce rejistira, likitocin da ke horon ƙwarewa kuma suke koyar da ƙananan, ba su da uzuri ba. Mutum ya kwana kol yana aikin dare, ga jarrabawar ƙwarewa ta Part 1 ko Part 2 a wuyansa, abokan aikinsa rabi sun yi japa sun bar ƙasar, aikin mutum uku ya dawo kansa, a haka kuma a ce ya koyar da fara'a. Da wuya. Sai dai koyarwar da nake nufi minti goma ce a gefen gado, me ka gani, me kake tsoro, me za ka fara yi. In yaro ya rasu a hannun ƙaramin likita a ja shi gefe a zauna a bi abin da ya faru tare, kuma ya tsaya ya ji yadda ake cewa Mama sai haƙuri da Hausar da uwar za ta gane, ko Berom ce ko Bafulatana, ba a tura shi shi kaɗai ya je yana kame-kame ba.

Ni dai duk sabbin da aka turo min ranar farko nake ba su lambata, in ce in ka kira ni a banza ba komai, in ka ƙi kira ne za mu ɓata. Kuma dan Allah masu shirya jarrabawar aji biyar, a sa tebur ɗaya da 'yar tsana da jakar ambu ta hura wa yaro iska, duk wanda bai iya sa ƙirjin 'yar tsanar ya ɗaga ba ya sake zuwa.