Tun da rigar Iron Man ta daina nauyi raina ya fara fita daga harkar

Jiya da daddare ni da ƙanena muka sake kallon Iron Man na farko, wato na 2008, kuma wallahi tun da muka kashe kwamfutar maganar nan take cina a rai, don haka bari in amayar da ita a nan ko na samu sauƙi. Wurin da ya tsaya min shi ne cikin kogon nan na Afganistan, inda Tony Stark, wato Iron Man ɗin, yake dukan ƙarfe da guduma a kan maƙera kamar maƙerin unguwarmu, gumi na zuba, fuska duk baƙin gawayi. Da aka zo saka rigar kuwa ba shi kaɗai ya iya ba, sai da Yinsen, likitan da aka tsare su tare, ya tsaya yana ɗaure masa ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ga kwamfuta tana loda wuta a hankali, ga masu bindiga sun taho, lokaci bai isa ba. Yinsen ya ɗauki bindiga ya fita don ya ja musu lokaci, a nan ya rasa ransa. Ka ga kenan saka rigar kawai sai da ya ci ran mutum. Kuma da ta tashi tana tafiya kana jin nauyinta a kunnenka, gau, gau, har hannunta ya maƙale a jikin dutse.

To yanzu ka ɗauko Avengers: Infinity War na 2018 ka ajiye kusa da wannan. Mutum yana tsaye a titin New York da kayan motsa jiki, ya taɓa ƙirjinsa sau biyu, riga ta malalo ta rufe shi kamar an zuba masa ruwa. Ƙanena cewa ya yi ai yaya ci gaba ne, shekara goma mutum yana ƙera abu ai dole ya ƙware. Na yarda da wannan a cikin labari. Amma a idon mai kallo wani abu ya ɓace, domin abin da ke fitowa daga babu kuma ya koma babu ba ka jin sa a matsayin ƙarfe, ba ka tsoron ya lotse, ba ka tunanin waye zai gyara shi gobe. A fim na farko akwai inda ya tashi sama sosai da riga ta biyu ƙanƙara ta daskarar da ita wuta ta ɗauke ya fara faɗowa, wannan matsalar ce ta sa ya canja irin ƙarfen, kuma ita ce ya yi amfani da ita ya faɗo da bos daga sama a faɗan ƙarshe. Akwai inda ya dawo daga faɗa injina na ta kokawar cire masa rigar ta ƙi fita, Pepper mataimakiyarsa ta shigo ta ga ramukan harsashi a jiki hankalinta ya tashi. Irin waɗannan ƙananan abubuwan su ne suka sa muka yarda da mutumin nan tun farko. Adalci dai, a faɗansa da Thanos, bos ɗin Infinity War, sun nuna rigar tana ƙarewa, yana jan abin da ya rage daga ƙafa yana kai wa hannu har aka soke shi a ciki, kuma ba mamaki shi ne wurin da ya fi kama ni a duk fim ɗin.

Kada wani ya ce min ai duka ƙarya ce me ya kai ka bincike. Na sani. Ka saka ƙwai a cikin gwangwanin ƙarfe ka jefo shi daga bene, gwangwanin zai iya tsira amma ƙwan ya gama yawo, haka jikin ɗan Adam yake, da gaske ne da Tony bai tashi daga faɗuwar farko a cikin rairayi ba. Wannan ƙaryar na karɓe ta hannu biyu. Abin da nake nema shi ne in an ce min wannan sulke ne, to ya kasance yana da abin da yake karewa da abin da ba ya karewa, kuma mai shi ya biya wani abu kafin ya more shi.

Mu fa sulke ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a Kano ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke da idonsa. Ina yaro an taɓa ɗora ni a kafaɗa kusa da Ƙofar Kudu, wani ɗan lifidi ya tsaya dab da mu, shi da dokinsa duk an lulluɓe su da bargon nan mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, kwalkwali a kansa, gumi na bin gemunsa yana ɗiga, in zai dubi gefe sai ya juyo da kafaɗarsa gaba ɗaya. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, shekaru ɗari shida da wani abu kenan. Lifidi yana riƙe kibiya, amma yana tsoron wuta, yana rage wa doki gudu, mai shi sai an taimaka masa yake hawa, in kuwa ya faɗo a fagen fama tashi sai an sha wuya. Kakanninmu sun san ba a samun kariya kyauta.

Shi ya sa har gobe nake ganin babu wanda ya fahimci maganar nan kamar darakta Christopher Nolan a fim ɗinsa na Batman, The Dark Knight na 2008. Asalin matsalar ma ta gaske ce. Tun Batman na 1989 da Tim Burton ya yi, rigar da aka yi wa Michael Keaton ta roba ce, hular a haɗe take da wuya da kafaɗa, bawan Allah ba ya iya waiwaye, sai dai ya juyo da duk jikinsa, kamar dai ɗan lifidin can. Haka aka yi ta tafiya, har Christian Bale a Batman Begins na 2005 bai tsira ba. Sai Nolan da mai tsara kayansa Lindy Hemming suka ɗauki wannan ciwon kai na bayan kyamara suka mayar da shi labari. Karnuka suka yage wa Bruce, wato Batman, hannu, ya je wurin Lucius Fox mai haɗa masa kayan aiki ya ce rigar ta yi nauyi kuma yana so ya riƙa juya kansa. Fox ya haɗa masa sabuwa mai faranti daban daban da hula a rabe da wuya, amma ya gaya masa gaskiya cewa gurbin da ke tsakanin farantan zai sa wuƙa da harsashi su fi samunsa. Sauri ya ƙaru, kariya ta ragu, kuma shi ya zaɓa da kansa. Daga nan duk lokacin da Joker ya zaro wuƙa gabanka sai ya faɗi, saboda an riga an faɗa maka inda ƙofar take.

Kuma haka abin yake a zahiri. Zaren Kevlar da ake rigar kare harsashi da shi, wata mata ce Stephanie Kwolek ta gano shi a kamfanin DuPont a 1965. Rigar mai laushi tana tare harsashin ƙaramar bindiga, amma na babbar bindiga irin AK sai an saka faranti mai tauri a gaba da baya, ga nauyi ga zafi, ka dubi sojan da ke tsaye a shingen hanya da tsakar rana a watan Afrilu za ka gane. Ko ta tare harsashin ma ƙarfin dukan yana shiga jiki, ya bar tabo, wani lokacin ya karya haƙarƙari. A nan ne nake da ƙorafi a kan The Batman na 2022. Ina son rigar Robert Pattinson ƙwarai, kana ganin ɗinkin hular a fili, duk ta sha karce, kamar mutum ne ya zauna ya haɗa ta da hannunsa a gareji, har baƙin da yake shafawa a ido sun bari mun gani bayan ya cire hula. Amma wurin nan na cikin duhu da ake masa ruwan harsashi a ƙirji yana ta tahowa ko gezau, hoton ya yi kyau ba ƙarya, sai dai ya karya alkawarin da rigar ta yi mana. Ga haɓa da baki a buɗe kuma duk cikinsu ba wanda ya yi saiti can.

Wani abin da ke ba ni haushi kuma shi ne yadda aka koma kowa sai an ƙaƙaba masa kamannin sulke ko yana buƙata ko ba ya buƙata. Superman fa harsashi a idonsa yake lotsewa, me zai yi da riga mai kama da saƙar ƙarfe irin ta Man of Steel na 2013? Shi tufa ce kawai ta dace da shi, mai launi, wadda yaro zai gani daga nesa ya san taimako ya iso, kamar ta Christopher Reeve a 1978. Ita kuma Wonder Woman akasin haka, an ba ta sulke a ƙirji da ƙwauri an bar cinya da kafaɗa da wuya a waje, ga takalmi mai tudun dunduniya, a tsakiyar ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya. In fatarta ba ta jin harsashi sulken na mene ne, in tana ji me ya sa aka bar rabin jiki? Kowa ya san amsar, don idon 'yan kallo aka yi.

Ku kwatanta da dakarun mata na Dora Milaje a Black Panther na 2018. Ruth Carter, mai tsara kayan fim ɗin, ta rufe su tun daga wuya har ƙafa, jan kaya irin na Masai, zobban wuya da na hannu irin na matan Ndebele, ƙarfe a kafaɗa, takalmi shimfiɗaɗɗe wanda mutum zai iya gudu da shi. Kana ganinsu ka san masu gadin sarki ne kuma da shirin faɗa suka fito, kyawunsu bai ragu da komai ba. A kan aikin fim ɗin nan ta ci Oscar a 2019, baƙar mace ta farko da ta ci a ɓangaren tsara kaya, ta sake ci a 2023. Abin takaicin shi ne a cikin fim ɗin dai rigar T'Challa, wato Black Panther ɗin kansa, daga sarƙar wuya take fitowa, hular kuma ta ɓace da zarar zai yi magana ta dawo da zarar ya gama. A ganina wannan ne ainihin dalilin yayin nan gaba ɗaya, an biya jarumi kuɗi masu yawa ana so a ga fuskarsa, to hular da ke narkewa ta fi sauƙi a kan wadda sai an sa hannu biyu an cire an nemi wurin ajiyewa. Yanzu Spider-Man haka, Ant-Man haka, ana tsakiyar yaƙi mutum ya buɗe kai don ya yi hira.

Ƙanena har yanzu yana kan bakansa, wai ni tsohon yayi ne ina son jin ƙarar ƙusa. Na ce masa eh ina so. Mun yi da shi yau bayan isha'i za mu saka The Dark Knight, kuma na ce ya sa ido a wurin da Bruce ya cire riga hadiminsa Alfred yana ɗinke masa hannu, ya ƙirga tabon da ke bayansa.