Jiragen unguwannin Mumbai: masu ɗaukar mutum miliyan bakwai a rana, kuma ƙofa a buɗe

Kusan kowane mako sai wani ya sako bidiyon jirgin ƙasa na birnin Mumbai a Facebook, inda za ka ga mutane sun yi dafifi a bakin ƙofa, wasu ƙafa ɗaya kawai suka samu suka ɗora, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, sauran jiki yana lilo a waje. A ƙarƙashin bidiyon kuwa sharhi iri biyu ne: masu dariya suna cewa Indiyawa ba su san darajar rai ba, da masu cewa ai gara su, tunda aƙalla suna da jirgin. Ni a ganina dukkan ɓangarorin biyu sun yi wa maganar riƙon sakainar kashi. Wannan jirgi yana cikin manyan ayyukan da aka taɓa yi wa talakan birni a duniya, kuma shi ne dai yake cin rayuka fiye da dubu biyu a shekara, alhali an san hanyoyin da za a bi a rage mutuwar.

Sai an san yadda garin yake kafin a fahimci jirgin. Mumbai, wadda iyayenmu suka sani da sunan Bombay, asalinta tsibirai bakwai ne da aka cike tsakaninsu da ƙasa, ta zama doguwar siririyar ƙasa da teku ya kewaye ta gabas da yamma da kudu. Tsofaffin ofisoshi da bankuna da kotuna da manyan kasuwanni suna can ƙuryar kudu, gidajen da mai ƙaramin albashi zai iya kama haya kuwa suna arewa, kuma kullum ƙara nisa suke yi. Saboda haka da safe mutane suna kwararowa kudu, da yamma su koma arewa, a yankin da mazaunansa suka haura miliyan 20. Babu titin motar da zai iya ɗaukar wannan kai-komo, ko da layi nawa aka yi masa.

A nan ne jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi, ranar 16 ga Afrilu 1853, daga Bori Bunder zuwa Thane, tafiyar kilomita 34. Jirgin lantarki na farko kuma ya fara aiki ranar 3 ga Fabrairu 1925, daga tashar Victoria, wadda yanzu take ɗauke da sunan Chhatrapati Shivaji Maharaj, zuwa Kurla. A 1928 layin yamma ma ya samu lantarki. Yau manyan layuka uku ne: na yamma daga Churchgate zuwa Virar har Dahanu, na tsakiya zuwa Kalyan inda yake rabuwa biyu, da na bakin tashar jiragen ruwa zuwa Panvel. Jirage suna yin sawu kimanin dubu uku a rana, suna ɗaukar mutum wajen miliyan bakwai.

Lantarkin shi ne ƙashin bayan wannan adadi. Jirgin da kan jirgi guda yake ja yana da nauyin tashi da nauyin tsayawa, idan ya kai ƙarshen layi kuma sai an kewayo da kan nasa. Jirgin Mumbai kuwa injinansa a rarrabe suke a ƙarƙashin taragai, yana shan wuta daga wayar da ke sama, kuma yana da ɗakin matuƙi a gaba da baya. Yana tashi da sauri, ya tsaya da sauri, ya yi abin da bai wuce rabin minti ba a tasha, wani ya biyo bayansa cikin minti uku ko huɗu a lokacin cunkoso. Da wannan ne mutum yake iya fita gida ba tare da ya duba jadawali ba. An kuma raba su gida biyu, masu tsayawa a kowace tasha da masu tsallake ƙananan tashoshi, domin wanda ya taso daga Virar, kilomita 60 daga Churchgate, kada ya ƙare safiyarsa a hanya. Wutar ma ba da ka aka same ta ba. Tun 1915 kamfanin Tata yake samar da lantarki daga ruwa a Khopoli, a tsaunukan da ke bayan birnin, wato wuta ta riga jirgin zuwa. Daga baya an sauya tsarin daga bolt 1,500 zuwa bolt 25,000, aikin da aka kammala a 2016, kuma an yi shi ne jirage suna ci gaba da zirga-zirga. (Wannan sauyi ya sa hawa rufin jirgi ya zama kusan hukuncin kisa, don haka yawancin bidiyon da ake yaɗawa na mutane cike da rufi ba na Mumbai ta yau ba ne.) Ranar 12 ga Oktoba 2020, da wuta ta ɗauke a birnin na wasu sa'o'i, jirage sun tsaya cak a inda suke, labarin kuma ya zagaya duniya saboda abu ne da ba a saba gani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kuɗin shiga. Tikiti mafi araha rupi biyar ne, kuma wanda ya yanki na wata guda yana biyan abin da bai kai rabin kuɗin da zai kashe ba da kullum yake yanka. Wannan araha ce ta sa mai shara a asibiti, da ɗalibi, da mai sayar da kifi, da akawun banki suke iya zama nesa su yi aiki a tsakiyar gari. Masu kai abincin rana ofisoshi, waɗanda suka fara sana'arsu tun wajen 1890, su kimanin dubu biyar ne kafin annobar korona, suna kai kwanukan abinci kusan dubu ɗari biyu kowace rana daga gidaje zuwa wuraren aiki, kuma duk lissafinsu a kan lokacin jirgi yake. Mata suna da taragansu a kowane jirgi, tun 1992 kuma akwai jirgin da gaba ɗayansa na mata ne a lokacin tafiya aiki da tashi. Duk wanda ya san yadda iyaye da mazaje suke ɗari-ɗari da barin mace ta shiga cunkoson maza zai gane yawan matan da wannan tsari ya buɗe wa ƙofar karatu da aiki.

To amma tun a zamanin jirage masu tarago tara, jirgin da aka ƙera don mutum dubu ɗaya da ɗari bakwai ya kan ɗauki fiye da dubu huɗu da safe. Hukumar jiragen da kanta ta ƙiyasta cewa a lokacin da cunkoso ya kai maƙura mutum 14 zuwa 16 ne suke tsayawa a murabba'in mita ɗaya, wato filin da bai kai tabarmar sallah biyu ba. Ƙofofin a buɗe suke, domin idan aka rufe su a haka numfashi zai gagara. A 2023 mutanen da suka mutu a kan waɗannan layuka sun haura 2,500, kusan bakwai ke nan kowace rana. Mafi yawansu jirgi ne ya buge su suna tsallaka layi, sai waɗanda suka faɗo daga jirgi yana gudu, sai waɗanda turakun lantarki na gefen layi suka make su, da waɗanda suka zurma tsakanin jirgi da dandamalin tasha. Harin bama-bamai na 11 ga Yuli 2006 a layin yamma ya kashe mutum kusan 200, duniya ta girgiza, kuma ya cancanci ta girgiza. Amma layukan da kansu suna cin irin wannan adadi kusan kowane wata, ba tare da an sauke tuta ba.

Jami'ai sun fi son su ɗora laifin a kan fasinja, su ce ganganci ne. Akwai ganganci, musamman na samari masu wasa a bakin ƙofa. Sai dai wanda yake tsallaka layi galibi yana yi ne saboda gadar sama ta yi nisa ko ta cika, ko kuma layin ya ratsa tsakiyar unguwarsu ya raba shi da famfo da makaranta. Wanda yake lilo a ƙofa kuma sau da yawa jirage biyu ko uku sun wuce shi bai samu shiga ba, a wurin aiki kuwa za a yanke masa albashi idan ya makara. Mutum ba ya zaɓen rataye da hannu ɗaya na tsawon kilomita goma don nishaɗi. Babbar Kotun Bombay da kanta, a 2024, ta nuna takaicinta kan yadda ake loda fasinjoji tamkar dabbobi, ta kuma ƙi karɓar yawan jama'a a matsayin uzuri.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na watan Satumba 2017. Ranar 14 ga watan, Firaminista Narendra Modi da takwaransa na Japan Shinzo Abe suka aza harsashin jirgi mai gudun tsiya tsakanin Ahmedabad da Mumbai, aikin biliyoyin daloli. Ranar 29 ga watan, mako biyu kacal bayan haka, ruwan sama ya sauko da safe, mutane suka fake a kan wata ƙuntatacciyar gadar ƙafa a tashar Elphinstone Road, wasu jirage suka sauke ƙarin jama'a, aka yi turmutsutsu, mutum 23 suka rasu. Unguwar da tashar take a da ta masaƙu ce, masaƙun suka mutu aka gina dogayen ofisoshi a gurbinsu, ma'aikata suka ninka, gada kuwa tana nan yadda take, duk da koke-koken da fasinjoji suka daɗe suna yi. Bayan an yi asarar rayuka sai aka kira sojoji suka gina sabuwa cikin 'yan watanni. Ashe dama ana iyawa. Haka kuma ƙarin layi na biyar da na shida tsakanin Thane da Diva, tazarar da ba ta kai kilomita goma ba, an amince da shi a 2008, ba a buɗe shi ba sai 2022. A tsakanin nan kuɗi bai gagara ba wajen gina manyan titunan mota da gadar teku mai kusan kilomita 22, waɗanda masu motar kansu suka fi mora, su kuwa tsiraru ne a birnin.

Maganin da hukuma ta fi karkata gare shi shi ne jirage masu na'urar sanyi da ƙofa mai rufe kanta, waɗanda aka fara a Disamba 2017. Babu shakka a cikinsu ba a faɗowa. Matsalar ita ce kuɗinsu ya ninka na talaka sau da yawa, kuma layin ba shi da sararin ƙarin jirgi, don haka duk mai sanyi guda da aka saka, an cire na gama-gari guda ke nan. Wanda ba shi da halin biya sai ya tsaya yana kallo jirgi ya wuce, sannan ya afka wa na bayansa, wanda yanzu yake ɗauke da jama'ar jirgi biyu. Wannan ne ya fusata fasinjoji a tashoshin Kalwa da Badlapur a Agusta 2022 har suka yi zanga-zanga, hukuma ta janye wasu daga cikin jiragen. Ina tare da su. Idan rufe ƙofa ne yake ceton rai, to bai kamata ya zama abin sayarwa ga mai hali ba. Sai bayan da wasu fasinjoji suka faɗo daga jirage biyu da suka gifta juna kusa da tashar Mumbra a Yuni 2025, aka rasa rayuka, sannan hukuma ta yi alkawarin ƙofa mai rufe kanta har a jiragen gama-gari, tare da gyara hanyar shigar iska.

Akwai masu cewa arahar ce tushen matsalar, wai jirgin ba ya mayar da kuɗinsa, shi ya sa ba a faɗaɗa shi, kuma araha ce take tura mutane su zauna nesa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma lissafin bai cika ba. Ribar wannan jirgi ba a akwatin tikiti take ba. Tana cikin harajin bankuna da kamfanonin da ma'aikatansu suke isa aiki a kan lokaci, da darajar filayen da ke kusa da kowace tasha. Birnin da yake cikin mafiya tara wa Indiya haraji ba zai ce ya rasa kuɗin ƙara taragai daga 12 zuwa 15, da tsawaita dandamali, da katange layi, da sabunta sigina don jirage su ƙara kusantar juna ba. Waɗannan ayyuka ne marasa armashin yanke ƙyalle, shi ya sa suke jan ƙafa. Sauran gyaran kuma ba na hukumar jirgi ba ne: a rarraba ofisoshi zuwa arewa da gabas, a sassaɓa lokutan shiga aiki, domin kada birni guda ya nufi wuri guda a sa'a guda.

Mu ma maganar ta fara shafarmu, tunda Legas ta buɗe layinta na lantarki a Satumba 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, shekara kusan arba'in bayan an soke aikin da gwamnatin Lateef Jakande ta fara. Kafin a yi ta murnar sababbin taragai, ina so masu tsara irin waɗannan ayyuka su duba wani abu da Mumbai take yi kusan kowace Lahadi: ana rufe wani sashe na layi na wasu sa'o'i, a sanar tun da wuri, ma'aikata su bi wayoyin sama da ƙarafan dogo da sigina suna dubawa suna canza abin da ya gaji. Fasinjoji suna ƙorafi a kai kowane mako, kuma kowane mako ana yi.