Kada mu zaunar da Inna da sunan ladabi

Duk ranar Talata da Alhamis, da ƙarfe goma da rabi na safe, ni ke jera kujeru a falon gidan da nake aiki a nan Bradford, a Ingila. Gida ne na tsofaffi, amma ba irin wanda ake kwantar da mutum a yi masa komai ba. Kowa da ɗakinsa, da ɗan kicin ɗinsa, da makullinsa. Mu ma'aikata muna nan ne dare da rana don wanda ya buƙaci hannu. Kujerun na ajin motsa jiki ne, wanda ake koya wa tsofaffi yadda za su tsaya da ƙafarsu ba tare da tangaɗi ba.

Ranar da na fara gani, dariya na danne. Ga wata tsohuwa mai shekara 88, ta sha kwalliya har da jan baki, an ce ta tashi daga kujera ta zauna sau goma ba tare da dafa hannun kujerar ba. Ga wani dattijo da ya yi aikin jirgin ƙasa, ya riƙe bayan kujera yana ɗaga ƙafa ɗaya kamar shamuwa a bakin rafi. Sai tafiya a kan layi, diddige na taɓa yatsa. Sai tafiya gefe-gefe, sai da baya. Na ce a raina, Bature kenan, har tsayuwa sai an buɗe mata makaranta.

Ba a daɗe ba na daina dariyar. Hukumar lafiya ta Ingila na cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, idan an haura 80 kuwa kusan rabi ne. Kuma faɗuwar tsoho ba ta yaro ba ce. Na ga wadda ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki, ta dawo, amma tsoro ya shige ta. Ta daina fitowa falo, ƙafafun suka ƙara mutuwa saboda zama, ta sake faɗuwa. Wannan zagayen ne ajin yake ƙoƙarin tsinkewa. Yawancin abin da mai koyarwar ke yi ya samo asali ne daga wani tsari da likitoci suka fitar a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan a shekarun 1990, wanda aka gwada aka ga yana rage faɗuwa da kamar kashi ɗaya cikin uku. Ba wani na'ura a ciki. Kujera ce, da bango, da ɗan nauyin da ake ɗaurawa a idon sawu.

Wata rana ina ƙirga wa tsohuwar nan tashi da zama, sai kakata ta faɗo mini, Allah ya jiƙanta. A Zariya ta rayu, ta haura tamanin, ba ta taɓa jin sunan Otago ba. A tabarma take zama, a ƙasa take cin tuwo, a tsugunne take alwala, a kujera 'yar tsugunno take tsinke zogale. Sallar farilla kaɗai raka'a 17 ce a yini, wato sau 17 take miƙewa daga ƙasa ta tsaya cak, ban da nafila, ita kuwa nafila ba ta wuce ta. A nan ana tafa wa wanda ya tashi daga kujera sau goma. Ita daga daɓe take tashi, buta a hannu.

Kada a ce ina yabon gida ne don kewa. Tsofaffinmu ma suna faɗuwa, mu dai ba ma rubutawa. A nan ko gwiwa mutum ya kai ƙasa sai na cike takarda: ƙarfe nawa, a ina, wane takalmi ne a ƙafarsa, wane magani ya sha. Sai a duba ko maganin hawan jini ne ke sa shi jiri, ko ido ne, ko darduma ce ta naɗe. A gida sai mu ce tsautsayi ne, a kira mai ɗori, a shafa man zafi, tsohuwa ta kwanta, daga nan sai a ji ana cewa ai tun faɗuwar nan ba ta sake lafiya ba. Wannan bin diddigin nasu abin koyi ne. Abin da ba na yi musu sha'awa shi ne kaɗaici. Da yawa shayi da biskit da hirar bayan aji ke fito da su, don wani sai ya yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa sai mu.

Abin da ya fi damuna mu ne, 'ya'yan da ke waje da masu hali na birni. Da kuɗi ya shigo, me muke yi? Mu fasa simintin tsakar gida mu shimfiɗa tayil mai sheƙi, wanda in ruwan alwala ya zuba a kai ko matashi sai ya yi taka-tsantsan. Mu sayi kushin mai laushi da ke haɗiye mutum. Mu ɗauko 'yar aiki. In Inna ta miƙe za ta ɗauko ludayi, mutum uku su zabura: “Inna zauna, me kike so a kawo miki?” Ladabi ne, na sani, da shi aka raine mu, kuma ni ma haka na yi. Ni na aika kuɗin tayil ɗin gidanmu, ina ta murna da hotunan da aka turo mini a WhatsApp. Garin neman gira muna neman rasa ido. Ƙafar da ba a aiki da ita, a wata biyu sai ta manta aikinta, na ga haka da idona a kan mutanen da suka dawo daga asibiti.

Wanda gwiwa ta hana shi sujada ya koma salla a kujera, wannan lalura ce, ba da shi nake ba. Ina magana ne kan mai sauran ƙarfi da muke hana shi tafiya masallaci da ƙafa, muna cewa a kai shi a mota, alhali nisan bai kai zagayen falon nan biyar ba.

Makon jiya na kira mahaifiyata ta bidiyo, na ce, “Inna, ki dafa bango ki ɗaga ƙafa ɗaya, in ƙirga goma.” Ta dube ni ta ce, “Ke 'yar nan, abin da kika je Turai koyo kenan?” Amma ta tashi ta yi. Dama ta kai goma. Hagu ta tsaya a huɗu, ta yi dariya ta ce ai wannan ƙafar tun haihuwar autanmu ba ta da kirki. Na sa ƙanena ya sayo tabarmar roba ya shimfiɗa a wurin alwala, ya kira mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Na kuma roƙi matarsa, da lallashi don kada ta ji wani iri, cewa in Inna ta ɗauki tsintsiya da safe a bar ta ta share ƙofar ɗakinta.