An ci shi tara don ya rage wa talaka farashi

Abin da aka yi wa dattijon nan mai gero a kasuwarmu ranar Laraba zalunci ne, kuma duk wanda ya sa hannu a ciki ya sani. Mutum ya sayi kayansa da kuɗinsa tun kaka, ya yi lissafinsa, ya ga ko ya rage naira 200 a mudu zai ci riba, ya rage. Kafin azahar aka zo aka kife masa mudu a kan buhu, aka ci shi tara, wai ya karya kasuwa. A gabana aka yi. Wata tsohuwa har ta kwance bakin zanenta tana ƙirga kuɗi, sai ta mayar ta ƙulle, ta juya.

Kada wani ya kawo min zancen tsadar mai. Na sani, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, naira ta faɗi, taki ya gagari manomi. Amma fetur ne ya zo ya kife mudun Baba? Mutane ne suka zauna suka haɗa baki.

Haɗa bakin nan laifi ne a dokar ƙasa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa FCCPC, hukumar da ke kula da gasa da kare masu saye, ta kuma haramta wa 'yan kasuwa yanke farashi ɗaya a tsakaninsu. Masu cewa a ɗaga ƙafa tunda ana cikin matsi, wallahi kun juya maganar. Lokacin yalwa in an tsauwala maka, ka biya ka manta. Yanzu kuwa naira 200 ɗin nan ita ce kuɗin kuka da daddawar gida guda.

Haka ake yi wa manomin shinkafa a Argungu da Suru a jihar Kebbi. Ya kawo shanshera, masu saye goma, bakinsu ɗaya, ga bashin taki a wuyansa, dole ya sallama.

Ban ce gwamnati ta ƙayyade farashi ba, kaya ɓuya za su yi. A bar mai son ragewa ya rage kawai. Ina roƙon hukumar ta leƙo kasuwannin mako na karkara, a kuma fassara dokar da Hausa a karanta ta a rediyo.

Sannan don Allah a duba mudayen da ake bubbuge wa gindi. Na auna mudu biyar a kasuwa, na zo gida na sake aunawa, biyar ɗin ba su cika ba.