Sunset Boulevard: Hollywood ta tona asirin kanta tun 1950, mu a Kannywood har yanzu muna rufa-rufa

Da gawa fim ɗin ya buɗe. 'Yan sanda da 'yan jarida sun yi cirko-cirko a bakin wurin ninƙaya na wani katafaren gida, wani saurayi na kwance rub da ciki a kan ruwa, harsasai a jikinsa, kuma shi mamacin ne zai ba mu labarin yadda aka yi ya kai ga haka. Sunset Boulevard ke nan, wanda Billy Wilder ya ba da umarni, kamfanin Paramount ya fitar a 1950. Tun da na zo Amurka da zama na kalli da dama daga cikin fina-finan nan masu duhu na shekarun 1940 da 1950, na kisa da cin amana, amma babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan, domin duk lokacin da na kalle shi Kano nake tunawa.

Saurayin, Joe Gillis, marubucin fim ne da kasuwa ta juya wa baya. Bashi ya yi masa katutu, masu karɓar mota suka biyo shi, taya ta fashe, ya kutsa garejin wani gida da ya zaci kango ne. Ashe gidan Norma Desmond ne, tauraruwar zamanin fina-finan da ba a magana a cikinsu, wadda aka daina yayi tun da sauti ya shigo harkar a 1927. Ya tarar da ita tana shirin binne birinta da ya mutu. Tana da kuɗi, tana da wani tulin rubutu da take ganin shi zai dawo da ita fagen fim. Shi yana buƙatar kuɗi, ita tana buƙatar wanda zai dube ta. Ta ajiye shi, ta ɗinka masa kaya, shi kuma ya yi ta cin arziƙinta yana raina ta a zuci. Babu mai gaskiya a cikinsu, kuma Wilder bai nemi ya wanke kowa ba.

Abin da ya ɗaga fim ɗin sama da tsararrakinsa shi ne mutanen da aka ɗauko. Gloria Swanson da ta fito a Norma ita kanta babbar tauraruwar Paramount ce a wancan zamanin. Erich von Stroheim da ya fito a Max, baran gidan mai safar hannu fara, darakta ne na gaske da masana'antar ta yi watsi da shi. Akwai inda Norma ke zaune cikin duhu tana kallon kanta tana budurwa a majigi, Max na juya na'ura. Wannan hoton daga Queen Kelly aka yanko shi, fim ɗin da Stroheim ya ba da umarni, Swanson ta fito a ciki, aka sallame shi a 1929 aikin bai kammala ba. Ku duba ƙarfin zuciyar da mutum zai yi ya tsaya gaban kyamara yana haska aikin da ya karya shi. Tsofaffin da ke zuwa buga karta gidan Norma su ma taurarin da ne, har da Buster Keaton, wanda ya taɓa sa duniya dariya, yana zaune da fuska kamar an sassaƙa ta. Ba su yi wani dogon zance ba. Zamansu kaɗai ya isa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da ta koma Paramount. An yi ta kiran waya daga kamfanin, ta ɗauka babban darakta Cecil B. DeMille ne ke son rubutunta, alhali tsohuwar motarta ƙirar Isotta Fraschini suke son haya. Ta shiga wurin ɗaukar fim, aka zaunar da ita a kujerar darakta, sai sandar makirfo ta zo wucewa ta gogi gashin tsuntsun da ke jikin hularta. Ta sa hannu ta ture ta cikin ƙyama. Abin da ya raba ta da sana'arta ke nan, ya zo har kanta. Can sama wani tsohon mai haska fitila ya gane ta, ya juyo da fitilar kanta, tsofaffin ma'aikata suka yanyame ta, idonta ya ciko. DeMille, wanda ya fito da sunansa na gaskiya, ya tarbe ta da mutunci, ya gano batun motar, ya kasa faɗa mata. Ya raka ta har ƙofa ya bar ta da mafarkinta.

A nan ne nake ganin mu. Wasiƙun masoya da ke zuwa wa Norma kullum, Max ne ke rubuta su. Shi ne daraktanta na farko, shi ne mijinta na farko, ya zaɓi ya zama bara don kada gaskiya ta iso gare ta. Da a Fagge ko Gwammaja aka yi wannan, cewa za a yi mutumin kirki ne, mai kara, mai rufin asiri. Ni ma na taso ina ganin haka. Amma fim ɗin ya nuna cewa wannan karar ce ta haukata ta. Kowa ya tausaya mata, babu wanda ya mutunta ta har ya gaya mata gaskiya tun da sauran lokaci, ranar da Joe ya faɗa kuwa, cikin fushi ya faɗa, yana haɗa kayansa, ita kuma ta ɗauko bindiga.

Mu ma mun ga irin girgizar da ta kayar da su Norma. Daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 zuwa zamanin da kaset ke tashi a Bata da Ƙofar Wambai, an yi mutanen da ba sa iya ratsa kasuwa don jama'a. Faifan CD ya zo, masu satar fasaha suka cinye shi, kasuwar ta durƙushe, harka ta koma YouTube da fina-finai masu dogon zango a tashoshi irin Arewa24. Wasu sun haye, da yawa ba su haye ba. Sai dai Norma tana da gida da rijiyoyin mai da mota. Namu sai ka buɗe Facebook ka ga dattijon da ka taso kana kallo a kwance kan tabarma, an ɗora masa waya a fuska ana neman taimakon kuɗin asibiti. Daga nan nesa nake ganin irin waɗannan bidiyoyin, kuma ciwon da nake ji ya wuce na talaucin. Mutumin da aka saba gani da kwarjini ne aka nuna a mafi raunin halinsa, kuma shi ne hotonsa na ƙarshe da zai rage.

Ba na cewa Hollywood gidan tausayi ce, fim ɗin kansa shaida ne cewa ba haka ba ne. Amma tun 1921 su Mary Pickford da Charlie Chaplin suka kafa asusun tallafa wa 'yan fim da suka shiga wani hali, kuma gidan kula da tsofaffinsu da ke unguwar Woodland Hills a birnin Los Angeles yana nan yana aiki. Ƙungiyar 'yan wasansu tun 1933 take. Fina-finansu kuma ana adana su: a 1989 wannan fim na cikin 25 na farko da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zaɓa don adanawa. Mu kuwa nemi fim ɗin Hausa na 1998 mai hoto garau ka gani.

Sai batun mata. Norma shekararta hamsin kacal, amma an riga an binne ta da rai. A wurinmu ma jarumi namiji zai yi shekara ashirin yana fitowa a saurayi, wadda suka fara tare kuwa tuni ta koma fitowa a uwarsa, ko ta yi aure an hana ta, auren ya mutu ta dawo ta tarar babu gurbinta. Ita Swanson ta gaske ba ta zauna jiran waya ba, ta koma New York ta yi kasuwanci, ta yi shirin talbijin. Shi ya sa ta iya fitowa a Norma ba tare da ta zama Norma ba.

Na san dalilin da ya sa 'yan fim ɗinmu ke jin tsoron taɓa wannan labarin. Masana'antar ta daɗe tana shan suka daga kan mumbari da wajen hukumar tace fina-finai, suna ganin in suka nuna aibinsu sun miƙa wa masu sukarsu bulala. Uzuri ne mai nauyi, ban raina shi ba. Amma shi ma Wilder a ƙarƙashin doka mai tsauri ta tace fim ya yi aikinsa, kuma Louis B. Mayer, shugaban kamfanin fim na MGM a lokacin, ya yi masa kaca-kaca bayan kallon fim ɗin, yana ganin ya ci amanar sana'ar da ta ciyar da shi. Duk da haka fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni 11, ya ci 3, ciki har da na rubutu.

Ba kwafin Sunset Boulevard nake so a yi ba, mun sha kwafe-kwafe. Labarinmu nake so: furodusan da ya ce a zo gobe a karɓi kuɗi, yaron da ke riƙe wa jarumi jaka shekara da shekaru yana jiran a ba shi fitowa ɗaya, tsohuwar jarumar da ke zaune a ɗakin haya tana jiran kira, da ɗan'uwan da ke ce mata ana ta tambayarta alhali babu mai tambaya. Waɗanda za su fito a wannan fim ba sai an koya musu ba. Suna nan a Kano da Kaduna da Jos, a biya su haƙƙinsu cikakke, a rubuta da su, a ɗauka tun suna da ƙarfin tsayawa gaban kyamara.