Abin da nake nema a bakin dogo

Wani abokina da muka yi makaranta tare ya tambaye ni, cikin raha amma da gaske yake, ko rashin abin yi ne yake sa in bar kasuwa da zumunci ranar Asabar in tafi bakin dogo ina jiran jirgin da ba zan hau ba, ba kuma kayana ya ɗauko ba. Ya ce da jirgin fasinja ne da ya yi mini uzuri, domin ko ba komai akwai fuskokin mutane a taga, amma tarago bayan tarago na siminti da kwantena, mene ne abin kallo a ciki, har a ɓata cajin waya ana ɗauka? A lokacin dariya kawai na yi, saboda amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin titi. Yanzu da na samu zama zan ba shi ita, shi da duk wanda yake ganin wannan sha'awa tawa a matsayin zaman kashe wando.

A Zariya nake, kuma wanda ya san garin ya san cewa Sabon Gari da dogo tare suka tashi. A nan ne layin da ya taso daga Legas zuwa Kano yake haɗuwa da reshen da ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Ina da wani wuri a wajen gari, a kan ɗan tudu, nesa da ƙarfen da tazara mai kyau, inda layin ya yi kwana ta yadda ake iya ganin jirgi tun daga kansa har wutsiyarsa a lokaci guda. Jirgin kaya ba shi da lokacin da aka kafe a allo domin jama'a, saboda haka mafi yawan aikin jira ne, kuma sau da yawa jiran ba ya haifar da komai. Amma ranar da aka dace, tun kafin ido ya ga wani abu kunne yake fara sanarwa. Za a ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa kamar hadari na nesa, sai ƙarar oda, sannan kan jirgin ya ɓullo yana tafe a hankali da hayaƙin dizal a samansa, yana jan abin da tireloli masu yawa za su yi kwanaki suna fama da shi a hanyar Birnin Gwari ko ta Lakwaja. Ban taɓa ganin wannan ba tare da tsigar jikina ta tashi ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Wanda ya daɗe yana kallo yakan koyi karatun jirgi. Tsohon layinmu guntayen ƙarafa ne da aka haɗa da ƙusoshi, don haka kowace ƙafa ta tarago tana bugawa idan ta zo kan mahaɗa. Tarago mai kaya bugunsa nauyi ne da shi, ana jin sa a ƙasa har cikin tafin ƙafa, shi kuwa wanda ba komai a cikinsa sai kwaramniya da rawar jiki, kamar dai yadda aka ce gwangwanin da babu komai ya fi ƙara. Idan jirgi zai tashi daga tsaye, ana jin mahaɗan taragai suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, ƙarar tana gudu daga gaba zuwa baya, domin direba ba ya fizgar nauyin gaba ɗaya, a hankali yake tattara shi. Ina tafiya da ɗan littafi, ina rubuta kwanan wata, da lokaci, da lambar kan jirgi, da yawan taragai, da inda ya dosa, da ko da kaya ko wayam. Wannan abu na ƙarshe shi ne ya fi damuna, domin jirgin da ya hau arewa cike ya koma kudu wayam yana ba da labarin da ba a karanta shi a jawabin kowane biki.

Kakana lebura ne na gyaran dogo a tsakanin Zariya da Funtuwa, kuma daga bakinsa na fara jin cewa wannan layi tun asali domin kaya aka shimfiɗa shi, mutane daga baya suka biyo. Dogo ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga za su kwasa domin masaƙun Ingila, sai manoman ƙasar Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, kuma a kan wannan ciniki ne irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Aka kai layi Ƙauran Namoda a 1929, aka kai Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai a 1964. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da kuzar Jos da shanu suna gangarawa teku, gishiri da kananzir da yadi da goro suna hawowa, kwal ɗin Inugu kuma yana ciyar da injinan. A wajen 1964 ɗin nan, kayan da jiragen ƙasa suka ɗauka a Najeriya ya kusan tan miliyan 3 a shekara. Kowa yana yaɗa hoton dalar gyaɗa yana kewar zamanin da, amma ba kowa ya san cewa wani ɓangare na dalilin tsayin waɗannan daloli shi ne jirgi ya kasa kwashe amfanin gona da saurin da ake tara shi ba. Dalar gyaɗa kaya ne da ke jiran tarago.

To, ina hotunan jiragen da suka kwashe ta? Ɗan abin da ya rage mafi yawansa baƙi ne suka ɗauka, ma'aikatan mulkin mallaka da masu yawon buɗe ido, kuma yana ajiye a ƙasashensu. Kakana ya yi shekaru yana daddale duwatsu a ƙarƙashin wannan ƙarfe, amma ba mu da hoto ko ɗaya na shi a bakin aikinsa, ba mu da na injin kwal ɗin da yake kwatanta mana kukansa. An yi wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos wanda aka buɗe a 1914 aka rufe a 1957, yau in ka tambayi matasa goma a Zariya da wuya ka samu ɗaya da ya san an taɓa yin sa. Wannan giɓi ne ya sa nake ganin cewa bidiyon minti uku da na ɗauka, mai kwanan wata da sunan wuri, yana da wata daraja da ba ta bayyana yau. Yanzu kowa da kamara a aljihunsa, ba mu da uzurin da kakanninmu suke da shi.

Ra'ayina shi ne, jirgin kaya ya fi jirgin fasinja faɗin gaskiya game da ƙasa. Jirgin fasinja shi ake yanka wa zare, shi manya suke shiga a ɗauke su hoto. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021, duk a kan sabon ma'auni mai faɗin milimita 1,435 tsakanin ƙarafan dogon biyu, kuma na yi murna da kowannensu. Amma tsohon layi mai faɗin milimita 1,067, wanda ya yi fiye da kilomita 1,100 daga Legas zuwa Kano, shi ne har yanzu ya haɗa kasuwannin arewa da tashar Apapa. An ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Kaduna a 2018, an ƙaddamar da ta Dala a Kano a 2023, kuma ma'anar irin wannan tasha ita ce kwantena ta sauka daga jirgin ruwa ta hau jirgin ƙasa, ɗan kasuwa ya karɓi kayansa a gida. Ko hakan yana faruwa, kuma sau nawa a wata, ba sai an tambayi kowa ba. Wanda yake zaune a bakin dogo da littafi yana gani da idonsa. A littafina akwai shafukan da suka cika, akwai kuma watannin da ban rubuta komai ba sai kwanan wata da kalmar "shiru", alhali a daidai wannan lokaci tireloli da tankoki suna nan jere a kan titi suna farfasa kwalta, suna faɗuwa, suna cin rayuka.

Ba mu muka fara wannan sha'awa ba, kuma a inda ta yi ƙarfi ba a ɗaukar masu ita mahaukata. A Ingila tun shekarun 1940 yara suke tsayawa a ƙarshen dandamalin tasha suna rubuta lambobin injina, wasunsu suka tsufa a kan haka. A Amurka, a wani gari mai suna Rochelle a jihar Ilinois, inda layin kamfanin Union Pacific ya gitta na BNSF, hukumar garin ce da kanta ta gina wa masu kallo rumfa a 1998, mutane suna zuwa daga nesa su kwana a garin su ci abinci su kashe kuɗi, domin kawai su ga jiragen kaya suna wucewa dare da rana. A Kalifoniya akwai wani wuri a duwatsun Tehachapi da aka gina tun 1876, inda layi ya naɗe kamar gammo domin ya hau tudu, har dogon jirgi yakan ratsa ta saman wutsiyarsa. A nahiyarmu kuwa, jirgin dakon ma'adinin ƙarfe na Muritaniya da ke tafiyar kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, mai tsawon da ya wuce kilomita 2, ya zama abin da masu ɗaukar hoto suke ƙetare teku domin shi. Ni dai burina bai kai can ba. Ina so wata rana in tsaya a Ngaundare ta Kamaru, inda dogon da ya taso daga Duwala ya ƙare, in ga yadda ake sauke kayan Cadi daga tarago zuwa mota.

Akwai ƙorafin da na yarda yana da tushe, wato na tsaro. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, duk wanda aka gani a kusa da layi yana ɗaukar hoto dole a yi masa kallon tuhuma, ga kuma ɓarayin da ke kwance ƙarafan dogo suna sayarwa a matsayin kayan gwangwan. Ni kaina an taɓa tsare ni na kusan awa biyu, aka karɓi wayata aka bincika, aka tambaye ni wanda ya aiko ni. Raina ya ɓaci a ranar, musamman da wani daga cikinsu ya ce babu mai hankalin da zai kalli jirgi a banza, amma da na huce na ga cewa mutumin da aka ɗora wa tsaron layi bai yi laifi ba don ya tambaya. Littafina ne ya fitar da ni, domin babbansu ya buɗe ya ga shekaru na lambobi da kwanan wata, ya girgiza kai ya miƙo mini. Tun daga nan na ɗora wa kaina ƙa'ida. Ba na ɗaukar hoto a cikin tasha sai na gaida shugabanta na nemi izini, ba na ɗaukar jami'an tsaro ko wurin zamansu, ba na kuma sakin bidiyo a ranar da na ɗauka, sai jirgin ya daɗe da isa inda za shi. Na kuma lura cewa mai kallo na yau da kullum yana da amfani ga layin, domin shi ne zai fara ganin inda aka kwance ƙusa ko inda ruwan sama ya zaizaye ƙasa a ƙarƙashin ƙarfe, kuma sau biyu na kai irin wannan rahoto.

Waɗanda ba na tare da su ko kaɗan su ne samarin da ke tsayawa a tsakiyar dogo suna ɗaukar kansu jirgi yana tahowa a bayansu, domin a yaba musu a TikTok. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta da riƙo irin na taya a kan kwalta, shi ya sa injin guda yake iya jan wannan uban nauyi, shi ya sa kuma ba ya iya tsayawa nan take. Dogon jirgin kaya mai gudu yana iya cin fiye da kilomita guda bayan an taka birki, kuma jikin tarago ya fi ƙarfen faɗi da kusan mita a kowane gefe, don haka wanda ya matsa taku ɗaya daga layi yana ganin ya tsira bai tsira ba. Direban da ya taka mutum ba shi da sitiyarin da zai kauce, sai dai ya kalla, ya kuma kwana da abin har ƙarshen rayuwarsa. Duk wanda ya yi haka ya ce shi ɗan'uwana ne a wannan sha'awa, ban san shi ba.

Yanzu ana aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai ratsa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Na san ranar buɗewa za a cika da kamarori, ba za a rasa mai ɗauka ba. Ni wanda nake jira shi ne jirgin farko da zai wuce bayan an naɗe jan kafet, ba kowa a tasha sai ma'aikata, yana ɗauke da taki ko wake ko albasa, in ƙirga taragansa in rubuta. Kafin nan ina da roƙo ga 'yan'uwa da ke Kafanchan da Minna da Gusau da Nguru da Bauchi. Idan jirgin kaya ya wuce ta wajenku, ku tsaya nesa ku ɗauka, ku rubuta rana da wuri a ƙarƙashinsa, idan kuma shekara ta zagayo bai wuce ba, ku ɗauki ciyawar da ta rufe ƙarfen ku rubuta rana da wuri. Wanda kuma yake da tsohon hoton mahaifinsa ko kakansa a aikin reluwe, ko da ya ci jiki, don Allah ya turo mini in gani.